Kilimar Surukina da Murhun Jego

Autata a Dapaong ta haihu, ba a ɗakina na Sokodé ba. A gidanmu haihuwar fari gaban uwa ake yin ta, haka aka yi mini, haka na yi wa yayyenta. Ita kuwa ƙafafunta suka kumbura tun cikin bai tsufa sosai ba, likita ya ce kada a ɗora ta a kan doguwar hanya. Sai ni na ɗaure kayana na hau mota, na wuce Kara, na wuce Mango, ina jin iska tana ƙara zafi kamar ana matso da ni bakin tanda.

Mijinta mai gyaran firiji ne da kilima, wato na'urar nan da ke hura sanyi a ɗaki. Ban taɓa ƙin sa ba, amma ban taɓa yabonsa ba, don ban ga abin da zan kama in yaba ba. Mutum ne da in ya gan ni sai ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. Tun da aka ɗaura musu aure ban san kalar idonsa ba. In ina cikin ɗaki ba ya shiga. In zai yi mini magana sai ya bi ta bakin matarsa, ko da ina zaune tsakaninsu.

Da aka sallamo mai jego daga asibiti na faɗi abin da ke raina. Washegarin suna zan tafi da ita da jaririyar Sokodé, a yi wanka a can, ta zauna har sai na ga ta murmure. Kowa ya san irin wannan zama ba a arba'in yake ƙarewa ba, yakan ja wata da watanni. Surukin nawa ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce wa labule:

"Ki roƙa mana Inna ta yi haƙuri ta zauna a nan. Ba abin da za ta nema ta rasa."

"Inna, kin ji," in ji auta.

"Na ji. Ki ce masa ɗakin nan rufin kwano ne, ga shi gajere. Ni na saba da wahala, amma jaririya ba za ta kwanta cikin kasko ba."

"Ki ce wa Inna akwai kilima. Ni na sa ta da hannuna."

Na ɗaga kai na dubi abin. Wani farin akwati ne mai tsawo a saman bango, da 'yar taga a gefe inda lamba take haske. Ni a sanina mai jego zafi take so, sanyi ne abokin gabanta. Amma ma'aikaciyar asibiti ta riga ta ja mini kunne a kan jariri da zafi, kuma idona ya ga ƙurajen da suka fara feso wa yarinyar a wuya. Na ce to. In ɗakin ya zauna da sanyin da yarinya za ta yi barci, zan yi arba'in a gidansa. In bai zauna ba, washegarin suna muna tasha.

Murna ta sa shi surutu, abin da ban taɓa ji ba. Yana daga waje yana yi wa labule bayani. Kilimar biyu ce, in ji shi, ta ciki da ta waje, bututu ya haɗa su ta cikin bango. Ta ciki tana kwashe zafin ɗaki, ta miƙa wa ta waje, ita kuma ta watsar. Ta wajen ya rataye ta a lungun bayan ɗaki, don nan ne kaɗai rana ba ta kaiwa. Ya ce ba a son ta sha rana. Na riƙe wannan magana, ba don komai ba sai don ni ba na yar da magana.

Na zagaya na ga lungun. Ban taɓa ganin wurin da ya dace da murhun jego kamarsa ba. Inuwa ce tun safe har yamma, katanga ta tare shi daga idon maza, ga ƙofar makewayi taku kaɗan. Wanda ya taɓa ɗaukar tafasasshen ruwa ya san amfanin gajeriyar hanya. Na sa aka kawo duwatsu uku da rabin duro, na yi magana da wata mata 'yar Korbongou da ke kawo itace, na tsinko ganyen darbejiya. Ta wajen tana nan a saman kaina a kan ƙarafa biyu, fankarta na juyawa. Har na sami abin yabo a jikinta: iskar da take fesowa zafi gare ta, in ka ɗaura igiya a gabanta ka shanya tsummokin jariri, kafin ka juya sun bushe ƙarau. Na ce ashe dai abin yana da amfani.

Da safe ake wanka, da la'asar a sake. Ruwan la'asar tun bayan azahar nake hura masa wuta, a gefe kuma ga tukunyar kunun kanwa, ga naman da nake gasa mata da yaji. Murhun jego ba ya hutawa.

Ranar farko, rana tana tsaka da dukan kwano, na shigo da kunu na tarar ɗakin ya yi tsit. Kilima ta rufe bakinta. A 'yar tagar nan lamba ta ɓace, wani rubutu ya fito yana ƙifta ido. Ni ban san baƙi ba, na boko ko na allo, amma ina da ido. Abu biyu ne: na farko kamar ludayi a tsaye, na biyu kamar ƙugiyar rataye nama. Auta ta kira shi a waya, ya baro shago ya zo a kan babur. Ya tsaya bayan labule.

"Me ta rubuta?"

Ta karanta masa.

"Ita wa take rubuta wa?" na ce.

"Ki ce wa Inna ni take rubuta wa. In wani abu ya dame ta sai ta tsaya, ta nuna alama. Kowace alama da inda take nufi: wata lantarki ne ya yi rauni, wata fanka ce, wata ta ciki ce ba ta jin maganar ta waje. Kuma kowane kamfani da yarensa."

"To wannan me take nufi?"

"Ki ce wa Inna zan duba."

Na fita tsakar gida don ya samu ya shiga. Ya kashe ta daga bango, ya jira, ya kunna. Ta buɗe baki ta hura sanyi. Sai ya zagaya lungu, ni kuma na bi shi a baya don ruwana yana kan wuta. Na ga ya tsaya cak. Ya dubi duro, ya dubi igiyar tsummoki, ya ɗaga kai ya dubi ta waje, ya sa bayan hannu a jikinta ya janye da sauri. Sannan ya ji motsina, ya durƙusa nan cikin toka.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa. Ka gano?"

"Ana kan dubawa, Inna."

Kafin ya kai bakin titi ludayi da ƙugiya sun dawo.

Haka muka shiga. Da dare kilima lafiyarta ƙalau, da hantsi ma haka. Rana na karkatawa, daidai lokacin da ake buƙatarta, sai ta rufe baki ta fara ƙifta ido. Yarinya ta yi ta tsala kuka, uwar tana zufa tana yi mata fifita da murfin kwano. Shi kuma kullum da sabon abin da zai duba. Ya zo da wasu agogai biyu masu igiyar roba, ja da shuɗi, ya maƙala wa ta waje, ya ce gas yake aunawa. Gas lafiya. Ya cire ragar ta ciki ya wanke, alhali ba datti a jikinta. Ya auna lantarki. Wata safiya ya jira na gama da lungu, ya zo da ruwa ya wanke bayan ta waje, wani baƙin ruwa ya yi ta zuba kamar an wanke gindin tukunya. Ya yi sauri ya watsa ƙasa a kai.

Ni kuwa na sami abin yi. In na ji ƙarar babur ɗinsa sai in ɗaga murya in ce wa auta:

"Ga likitan ya iso. A ba shi hanya, marar lafiyarsa tana jira."

"Inna, ki bari mana."

"Me na ce? Ina tausayin mutanen gari ne. In ta ɗakinsa ta gagare shi, ta Alhazan kasuwa fa? Ko su tasu ba ta iya rubutu ba?"

Daga bayan labule sai in ji, "Allah ya ƙara wa Inna lafiya."

Ana cikin haka na wayi gari na ga ya kafa rumfa a ɗaya gefen tsakar gida, gindin bishiyar mangwaro. Ginshiƙi huɗu, rufin zana, har da ɗan benci. Ya aiko matarsa ta ce mini wai ya ga lungun ya yi mini ƙunci, hayaƙi zai dame ni, ga wuri mai iska in mai da murhu. Na je na duba. Rumfa ta yi kyau. Na auna da ido daga nan zuwa makewayi, sai mutum ya ratsa tsakar gida gaba ɗaya da ruwa mai tafasa, ga gwiwoyina.

"Ki ce masa na gode. Ki ce masa tun kafin a haife shi nake shan hayaƙi. In yana da lokacin gina rumfa, ya gyara abin da ya yi alkawari."

Auta ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta dubi labule, ta rufe. Na ga wannan ma. Na kuma lura ko zani ɗaya ba ta ninke ba, alhali na ce ta fara haɗa kaya.

Ana gobe suna gidan ya cika da hidima. An kawo rago daga Gando an ɗaure, 'yan'uwansa mata suna ta daka. Ina lungu ina gyara itace sai na ji ƙarar ƙarfe. Na leƙo. Surukina ne ya sauke tsani daga kan babur, da naɗin jan bututu sabo fil, da injin huda bango. Ya jingina tsanin a bangon yamma, wanda rana take duka tun azahar har ta faɗi, ya fara aune-aune.

Na wanke hannu, na shiga ɗaki, na zauna a bakin gado. Na ce wa auta ta kira shi. Ya zo ya durƙusa a inda ya saba. Wannan karon ban bi ta bakin kowa ba.

"Malam."

"Na'am, Inna."

"Me za ka yi da tsani?"

"Ta wajen zan mayar can, Inna."

"Ranar da na zo ka ce ka rataye ta a lungu don rana ba ta kaiwa. Ka ce ba a son ta sha rana."

"Haka ne, Inna."

"Yau rana ta daina zafi?"

Ina ganin yatsun ƙafarsa ta ƙasan labule suna murza ƙasa.

"To bar wannan. Ludayin nan da ƙugiya, me suke cewa? Kada ka ce mini gas, na ga ka auna. Kada ka ce za ka duba, ka duba har ka gaji. Ka ce kai take rubuta wa. Karanta mini."

"Cewa take ta wajen ta yi zafi fiye da kima, Inna. Shi ne take tsayar da kanta kada ta ƙone."

"Tun ranar farko abin da take cewa ke nan?"

"Tun ranar farko."

"Me ke sa ta zafi?"

"Abubuwa da yawa, Inna. Datti in ya toshe bayanta. Ko in an tare mata gaba, iska ba ta samun wucewa. Ko kuma in iskar da take shaƙa da ma mai zafi ce."

"Daga ina iska mai zafi za ta zo mata a cikin inuwa?"

Ya ce, a hankali:

"Dapaong ne, Inna."

Auta ta tuntsire da dariya, ta riƙe ciki tana cewa wayyo ɗinkinta, wayyo Allah, a taimake ta. Na harare ta, ta cusa fuska a filo, kafaɗunta suna rawa.

"Malam, ka san jibi muna hanya?"

"Na sani, Inna."

"Aikin tsanin nan zai ƙare kafin nan?"

"Da wuya, Inna. Gobe suna."

"Kuma ba ka da abin da za ka ce mini?"

"Allah ya kai ku lafiya, Inna."

Na tashi na koma lungu. Wuta tana ci sosai a ƙarƙashin duro. Na tsaya na dubi hayaƙin. Yana tashi, maimakon ya wuce sama, sai ya lanƙwasa ya shige bayan ta waje, tana zuƙe shi kamar mai shaƙar turare. A gabanta kuma tsummokina ne jere, sun rufe mata fuska ruf. Kullum ina nan, kullum hayaƙin haka yake yi.

Kada wani ya ce zan karɓi laifi. Duk macen da ta san jego, ka kai ta gidan nan ka ce ta kafa murhu, lungun nan za ta nufa. Wanda ya rataye hancin na'urarsa a wurin murhu, alhali matarsa tana da ciki, shi ya kamata ya yi tunani. Abin da ya tsaya mini shi ne mutumin. Ya karanta rubutun tun ranar farko, ya ga duro, ya gane. Ya sha gorina safe da yamma. Ya wanke abin da ba datti, ya auna abin da ya san lafiya yake, ya gina rumfa, ga shi zai hau bango cikin rana ya ɓata aikin da ya yi daidai. Kuma ya yarda a ɗauke masa mata da 'yar fari a kai su Sokodé, da dai ya buɗe baki ya ce wa uwar matarsa wutarta ce. Na tsaya ina tunanin ko tarbiyya ce wannan ko wauta. Har yanzu ina ganin akwai kowanne a ciki. Amma na san irin mazan da tun ranar farko za su leƙo lungu su ce, "Tsohuwa, kashe wutar nan." Na aurar da 'ya'ya, na ga iri-iri.

Na dawo tsakar gida ina murza ido da gefen mayafi. Yana tsaye gindin tsani, da ya gan ni ya durƙusa.

"Malam, hayaƙin lungun nan ya fara cin mini ido."

"Ayya. Sannu, Inna."

"Rumfar nan taka tana nan, ko ka ba wa rago?"

"Tana nan, Inna."

"In ruwan nan ya sauka ka kwashe duwatsun ka kai can. Igiyar ma a kwance ta, a ɗaura a mangwaro. Tsanin kuma ka mayar inda ka aro shi, kada yara su hau."

"To, Inna."

"Amma ni ba zan ratsa tsakar gida da tafasasshen ruwa ba. Safe da la'asar, kai za ka kai shi ƙofar makewayi ka ajiye. Har a yi arba'in."

Nan ne ya ɗago kai, bai sani ba. Ya mayar da sauri. Idanun nasa manya ne, irin na yarinyar.

Da yamma ya sake wanke bayan ta waje, wannan karon bai watsa ƙasa a kan baƙin ruwan ba. Ranar suna ɗakin ya cika da mata, wasu a gado, wasu a tabarma, ga turare, ga zafin jiki, kilima ta yi ta hura sanyinta har magariba, lamba tana zaune a tagarta ba ƙifta ido. Yarinya ta yi barci ana ɗaukarta hannu zuwa hannu. Wata gwaggonsa da ta ji labari ta ce mini:

"Hajiya, an ce abin nan ya ba ku wahala. Me ya same ta?"

"Harkar masu gyara ce," na ce. "Ya dai gano."

Auta ta shaƙe da kunu. Daga baya ta ce mini tun rana ta biyu ta matsa masa ya faɗa mata, ya roƙe ta don Allah kada ta furta. Na ce ita ma da ta furta da ta ji a jikinta.

Na yi arba'in a Dapaong, har na ɗora. Ya ɗauki ruwan bai tsallake ko sau ɗaya ba. Da la'asar sai ya rufe shago ya zo, ya naɗe hannun riga, ya ɗauki bokiti biyu yana tafiya a karkace, tururi na dukan fuskarsa. Maƙwabta suka sa masa suna ungozoma. Mai itacen nan 'yar Korbongou ta ce mini da Hausarta, "Hajiya, wannan miji, ina ka samo shi? Ni ma yarinya na yana nema." Na ce mata wannan ɗin ma sai da na gyara shi.

Bara da zafi ya tsananta ya zo Sokodé da kilima a cikin kwali, wai ta ɗakina ce. Na ce ba na so, auta ta ce an riga an kawo. Na fita tsakar gida na zauna don ya shiga. Ya rataye ta ciki, ya fito da ta waje a kafaɗa, ya zagaya gidan yana duban bango. Ya daɗe yana zagayawa. Can ya kira matarsa gefe ya yi mata raɗa. Ta taho tana danne dariya, yarinyar tana riƙe da zaninta.

"Inna, wai a tambaye ki a ina kike hura wuta."

"Ki ce masa inda na ga dama."

Ya tsaya da abin a kafaɗa, kai a ƙasa, yana jira. Na bar shi ya ɗan ji nauyinta tukuna, sannan na nuna masa bangon arewa da haɓa, can nesa da murhuna.